Gulbin Kaba: kaba ta cika fili, goriba na ƙarewa

Tun daga 1975 ranar 3 ga watan Agusta, wadda Nijar ta samu ƴancin kai a cikinta, ta zama ranar dashen itatuwa. A ranar ce ake jin lissafi daga bakin hukumomi: an dasa tushe kaza, an farfaɗo da hekta kaza. Lissafin yana da amfaninsa, amma akwai asarar da ba ya iya kamawa, kuma a jihar Maradi babu inda ta fi fitowa fili kamar kwarin Gulbin Kaba, wanda ya ratsa gundumomin Tasawa da Mayayi.

Idan tushe za a ƙirga, goriba na nan da yawa a kwarin. Duk inda aka duba kaba ce kore shar, har a tsakiyar rani. Abin da ya yi ƙaranci shi ne goriba mai tsawo, wadda ta yi rassa ta yi ƴaƴa. Waɗanda suka rage ma sun warwatsu, ɗaya a wannan gona, uku a bakin wancan gari, tsakaninsu tafiya mai nisa. Dajin da a da yake haɗe tun daga wajen Gazawa har Kornaka ya zama gutsattsari. Itacen da aka raba shi da ƴan uwansa haka yana iya shekaru yana tsaye kamar lafiya lau, alhali zuriyarsa ta riga ta yanke.

Gulbin da ruwansa ke ƙarƙashin ƙasa

Gulbin Kaba ya taso ne daga arewacin Najeriya, ya shigo Nijar ta kudu maso gabashin jihar Maradi, ya yi arewa ta yankin Gazawa da Tasawa, ya lanƙwasa yamma ta Kanan Bakashe da Mayayi da Sarkin Hausa, ya bi ta Kornaka, sannan ya gangara ta ƙasar Gidan Rumji ya koma Najeriya. Sunansa gulbi, amma a mafi yawan tsawonsa ba a ganin ruwa yana gudu. Ruwan yana ƙarƙashin rairayi, kuma ya fi kusa da sama fiye da na tudun da ke kewaye. Wannan danshin ne goriba ke bi da saiwarta, shi ya sa ta yi layi a kwarin kamar an ja ta da igiya, har ta ba shi suna.

A farkon shekarun 2000, shirin gyara dazuzzuka na PAFN, wanda Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa, ya auna dajin goribar kwarin a kimanin hekta 31,500. Masana irin su Régis Peltier na cibiyar CIRAD ta Faransa da Aboubacar Ichaou na Nijar sun wallafa sakamakon aikin a 2008. Abin da suka bayyana tun lokacin shi ne daji mai tsawo da kauri ya rikiɗe ya koma kurmin gajerun kaba, da tsofaffin itatuwa jefi-jefi da ke kan hanyar mutuwa. Sun ɗora dalilin a kan yawan yankan ganye, da cire zuciyar tsiron, da saran manyan itatuwa. An fi shekara goma sha biyar da wannan gargaɗi, kuma bakunan da ke ci daga kwarin sai ƙaruwa suka yi. A ƙidayar 2012 Mayayi da Tasawa kowacce ta haura mutum rabin miliyan, a ƙasar da yawan jama'arta ke ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin ɗari a shekara a wancan lokacin.

Mutanen birni da yawa na ɗaukan kaba da goriba a matsayin tsiro biyu. Abu ɗaya ne. Kaba goriba ce da ba a bari ta tashi ba. Kowane kan goriba ido ɗaya gare shi da yake fitar da sabon ganye. Idan aka yi ta yanke ganyen tun yana ɗanye, kan ba ya samun ƙarfin yin gangar jiki. Idan lauje ya taɓa idon kuwa, wannan kan ya mutu ke nan. Sai tsiron ya koma yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa, yana fitar da sababbin kawuna gefe da gefe, har ya yi da'ira mai faɗi. Wanda ya ga irin wannan kurmi sai ya ce ai daji na ƙaruwa. Sau da yawa kuwa duk kurmin daga ƙodago ɗaya ya fito: jiki ɗaya ne, jini ɗaya.

A nan ne maganar ta yi nauyi, domin goriba kamar dabino take, ko gwanda: akwai namiji, akwai mace. Mace ce kawai ke yin ƴaƴa, kuma ba ta yi sai garin furen namiji ya iso gare ta, ta iska ko ta ƙwari. Kurmin da ya fito daga ƙodago ɗaya, ko duka namiji ne ko duka mace. A dajin da ke haɗe wannan ba matsala ba ce, namiji na kusa ko ta ina. Amma macen da ta rage ita kaɗai a tsakiyar gonar hatsi, aka sare mazan da ke kewaye da ita, za ta yi ta fure ba tare da ta ɗauki ƴaƴan kirki ba. Masu gini kuma suna ganin itacen namiji ya fi ƙwari wajen rufin ɗaki, gara ba ta cinsa da sauƙi. Ke nan gatari ma yana da zaɓi, kuma zaɓinsa na ƙara nisa tsakanin jinsunan biyu.

Ƴaƴan da aka samu ma kaɗan ne ke komawa ƙasa. Yara na kakkaɓo su tun suna ɗanyu don ƙwalshi. Waɗanda suka nuna ana zuba su a buhu zuwa kasuwannin Maradi da Katsina da Kano, inda garin goriba ya samu karɓuwa a wajen masu shansa da niyyar maganin hawan jini. Ƙodagon kuma ya shiga murhu. Babu laifi a ko ɗaya daga cikin waɗannan, abinci ne da sana'a. Amma a haɗe suna nufin sabuwar goriba daga iri ta yi wuya, dajin yana ta maimaita tsofaffin jikunansa.

Wannan ba a Sahel kaɗai ake ganinsa ba. A tsaunukan Ardennes na ƙasar Beljiyam akwai fadamu masu sanyi da jiƙaƙƙiyar ƙasa, inda wani ɗan tsiro mai shuɗɗan ƴaƴa da masana ke kira Vaccinium uliginosum yake fitowa. Tun ƙarni na 19 aka riƙa haƙa magudanai ana tsane fadamun, ana dasa itatuwan katako, har suka zama tsibirai a tsakiyar daji. Shi ma wannan tsiro ta ƙarƙashin ƙasa yake yaɗuwa, don haka yana iya rufe fili alhali tushensa na asali ƴan kaɗan ne, kuma yana dogara da ƙudan zuman daji don ya yi ƴaƴa. Da Turawan suka tashi gyara da kuɗin Tarayyar Turai, babban aikin da suka sa a gaba shi ne toshe magudanan da sare itatuwan katakon da suka shiga tsakani, don fadamun su sake jiƙa su sake haɗewa. Ƙasar ta bambanta da tamu ta kowace fuska, amma ciwon iri ɗaya ne, kuma maganin da suka zaɓa abin dubawa ne.

Wa ya yanka kwarin?

Ba mutum ɗaya ba ne, kuma ba a rana ɗaya ba. Kwarin yana da tsari da kowa ya sani: tsakiya makiyaya ce ta kowa da kowa, gefe biyu gonaki. Gonakin ne ke matsowa. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma sun raba shi. Hutun gona ya zama labari. Mai ƙaramin fili idan damina ta kama yakan ƙara kunya biyu ko uku ta gefen makiyaya, baɗi ya ƙara, maƙwabcinsa ya ga ba a ce komai ba shi ma ya bi. Bayan shekara goma sai a tarar wurin da ke da faɗi ya zama siriri, wani wurin ma ya tsinke. Ga garuruwa da ke faɗaɗa, ga hanyoyin mota, ga mai kuɗi daga birni da ya sayi fili ya kewaye da waya.

Inda makiyayar ta rage, dabbobi sun taru sun yi mata yawa. Ciyawa mai daɗi ta ɓace, garmani, wanda wasu ke kira hatsin Makka, ya mamaye wurin. Dabba ba ta damu da shi ba, ƙasa kuma ta daddage. Tsiron goriba da ya samu ya fito daga ƙodago a irin wannan fili, da wuya ya tsallake baki da kofato.

Sai dai kuskure ne a ɗora wa makiyayi laifin, kamar yadda aka saba a hirar majalisa. Shanu da raƙuma da jakuna suna cin ƴaƴan goriba da suka faɗo, su yar da ƙodagon a wani wuri mai nisa, sau da yawa tare da taki. Garken da ke bin kwarin, yana sauka kudu da rani yana komawa arewa da damina, shi ne ke ɗaukar iri daga wannan yanki zuwa wancan. Burtali hanyar dabba ce, kuma hanyar goriba ce. Idan aka toshe shi, an raba garke da ruwa, an kuma raba kurmi da kurmi.

Jihar Maradi ta san kuɗin toshe burtali fiye da kowa. A watan Oktoban 1991, a Toda cikin ƙasar Gidan Rumji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum fiye da 100, akasarinsu mata da yara Fulani. Bayan haka ne aka samu dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993, da kwamitocin kula da filaye da ake kira COFO tun daga gunduma har ƙauye, sannan shirin PASEL na ƙasar Suwizalan ya shiga kafa turakun siminti a bakin burtali daga ƙarshen shekarun 1990. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ƙara jaddada cewa burtali da makiyaya dukiyar ƙasa ce, ba a nomawa, ba a sayarwa. Turakun da aka kafa don hana zubar da jini su ne, ba tare da an yi niyya ba, suka zama shingen ƙarshe da ke riƙe da dajin goriba a haɗe. Duk turken da aka tumɓuke da dare, asarar biyu ce.

Matar da ke yanka, da mijin da ke da gona

Maganar kaba maganar mata ce. Su ne ke fita da sassafe su yanko, su shanya, su tsaga, su rina, su saƙa tabarma da faifai da kwando, maza kuma su tufka igiya. A ƙauyukan kwarin, daga girbi zuwa saukar ruwan fari, kuɗin cefane da na sabulu da na kayan ɗakin ƴa mace daga nan suke fitowa. A shekarar da hatsi bai yi ba, kaba ce ke sayo tiya. Binciken da Marthe Diarra da Marie Monimart suka fitar a 2006 ya nuna yadda ƙarancin fili a kudancin jihar Maradi ke raba mata da gamana, ɗan filin da miji ke yankar wa matarsa. Macen da ta rasa gamana, makiyaya ce gonarta.

Saboda haka duk wanda ya zo da shawarar a hana yankan kaba bai san kwarin ba. Ba za ta hanu ba, kuma bai dace ta hanu ba. Matsalar ita ce mai yankan ba ta da wani dalili na barin kai ɗaya ya tashi. Idan ta bar shi yau, wata za ta yanke gobe. Idan ya tsira ya girma a makiyaya, na kowa ne. Idan a gona ne, na mai gona ne. Tabarmar roba da ta cika kasuwa ta ƙara dagula lissafin: ta danne farashin ta kaba, sai mai saƙa ta ƙara yawan abin da take yanka don ta samu kuɗin da ta saba samu.

Ita kuwa doka ta daɗe tana kare goriba, a takarda. Dokar gandun daji ta 1974 ta sa ta cikin itatuwa 15 da aka hana sara, tare da gawo da giginya da kuka da tsamiya. Amma kariyar ta zo da illa. Manomi ya fahimci cewa itacen da ya girma a gonarsa na gwamnati ne, kuma zai iya jawo masa tara ranar da ya taɓa shi. Mai hankali sai ya hana shi girma tun yana kaba. Dokar 8 ga Yuni 2004 ta sassauta, sannan dokar 30 ga Yulin 2020 kan sassaben zamani ta amince cewa wanda ya raini itace a gonarsa yana da haƙƙi a kansa. Wannan babban sauyi ne, kuma a jihar nan aka haife shi: tun 1983 aka fara sassaben zamani a yankin Maradi tare da Tony Rinaudo, daga baya masana suka ƙiyasta cewa manoman Nijar sun raya itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, ba tare da gandun reno ba.

Goriba ta dace da wannan dabara fiye da yawancin itatuwa. Saiwar na nan, ta riga ta kai ga danshi. Abin da ake buƙata shi ne a zaɓi kai biyu ko uku a kowane kurmi, a sa musu alama, a daina taɓa su, a ci gaba da yankan sauran. Ba dashe, ba ban ruwa, ba buhun leda. Goribar da aka shuka daga ƙodago tana ɗaukar shekara shida zuwa takwas kafin ta fara ƴaƴa, wadda ta tashi daga tsohuwar saiwa kuwa ba daga farko take farawa ba. A gonaki, inda akwai mai ido a kai, ana ganin hakan na yiwuwa. A makiyaya ne abin ke cije wa, kuma dokar 2020 ba ta warware wannan ba, domin ta yi magana ne da mai gona. Goribar gonaki kaɗai kuma ba za ta maye gurbin tsakiyar kwarin ba: manomi ba zai bar fiye da abin da hatsinsa zai iya jure inuwarsa ba.

PAFN ya gwada amsa: a kafa wuraren sayar da kaba a ƙarƙashin kwamitocin ƙauye, a karɓi ɗan haraji a kan kowane dami, wani kaso ya koma ga gadi da gyaran daji, kamar yadda dokar 1992 ta tsara wa kasuwannin itacen wuta na karkara. Tunanin mai kyau ne. Raunin irin wannan tsari kuma sananne ne: yana tafiya muddin akwai mai biyan masu gadi da mai bin sawun kuɗin, kuma ɗan kasuwa zai fi son ya saya a bayan gari inda ba haraji. A ganina abin da ya fi rasa shi ne a ba ƙungiyar mata ta wani ƙauye wani yanki sananne na makiyaya, da takardar COFO, cewa kabar wurin da ƴaƴan goribar da suka raina nasu ne, dabbobi kuma su ci gaba da wucewa da kiwo kamar kullum. Ba mallakar ƙasa ba, haƙƙin amfani da itace. Makiyaya za su yi tsoron kada hakan ya zama ƙofar mayar da wurin gona, kuma tsoronsu na da tushe, don an sha yi musu haka. Shi ya sa ba za a rubuta irin wannan takarda ba sai da ardo da rugga a zaune.

Noman rani na tafe

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne ruwan da ke ƙarƙashin kwarin ya shiga idon kowa. Hukumomin da suka karɓi mulki a watan Yulin 2023 sun ɗauki wadata ƙasa da abinci a matsayin babban buri, da shirinsu na babban noman rani. Famfo mai aiki da hasken rana ya yi araha, haƙa rijiyar burtsatse ya yi sauƙi. Ga gundumomin da ke fama da gibin cimaka kusan kowace shekara, kuma samarinsu ke tafiya Agadas da Libiya da Najeriya da zarar an gama girbi, lambu a Gulbin Kaba alheri ne, babu mai musun haka.

Amma wurin da ruwa ya fi kusa, inda mai lambu zai fi so, nan ne goriba ta fi kauri, nan ne kuma garke ke bi. Lambun hekta ashirin da aka shimfiɗa a gefen kwarin, bisa tsawonsa, abu ne da za a iya zama da shi. Wannan hekta ashirin ɗin idan aka gicciya ta daga wannan gaɓa zuwa waccan, aka kewaye da waya, ta raba kwarin biyu. A rahoton ƙarshen shekara duka biyun hekta ashirin ne. Haka nan idan famfuna suka yi yawa ba tare da ana auna zurfin ruwa ba, rijiyar lambu za a iya ƙara mata zurfi, saiwar tsohuwar goriba kuwa tana da iyaka.

Kayan aikin yanke irin wannan hukunci suna nan. Jihar Maradi na da kundin tsara filaye na SAF, ita ce ta bi bayan Doso wajen samunsa, kuma amfanin kundin ke nan: a san ina ne gona, ina ne makiyaya, ina ne burtali, kafin a ba kowa izini. Sai dai tun watan Afrilun 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. Kantoma na iya yanke hukunci da sauri, kuma yana iya tsayawa kan turke ba tare da tsoron ƙuri'a ba. Amma ba lallai ya san tarihin kowane yanki ba, kuma mai saƙar tabarma daga Atantane ko Kanan Bakashe ba ta da kansilan da za ta aika ya yi magana da yawunta. Nauyin ya koma kan sarakunan gargajiya da kwamitocin COFO da ma'aikatan gandun daji, waɗanda galibi ba su da ko man babur na zagaye.

Akwai ƙidaya ɗaya da ba ta buƙatar kuɗin waje, kuma za ta faɗi gaskiyar halin kwarin fiye da adadin dashen 3 ga Agusta. Kowane ƙauye da ke bakin Gulbin Kaba ya ƙirga goriba mata nawa ne ke ƴaƴa a yankinsa, maza nawa ne ke kusa da su, da kawuna nawa aka bari suka wuce tsayin mutum a bana. Mai gari da matan da ke yankan kaba za su iya gama wannan a kwana biyu. Idan aka jera sakamakon daga Tasawa zuwa Sarkin Hausa, wuraren da layin ya tsinke za su fito da kansu, kuma nan ne bai kamata a ba da izinin sabon lambu ko sabon shinge ba kafin a sake zama da manoma da makiyaya.